Kwana Shida na Baldomero a Ɗakin Waya

Duk wanda ya gaya muku Baldomero Rueda ya taɓa riƙe ɗakin wayar tangaraho na Santa Rufina, bai yi ƙarya ba. Ya riƙe kwana shida, kuma ni Eufrasia, matar marigayi wansa Rosendo, ni na share ɗakin bayan an fitar da shi. Tunda har yau yana zama a shagon aski yana ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in faɗi nawa.

Abin da ya haɗa ni da shi bijimi ne. Ubansu ya mutu ya bar musu maraƙi ɗaya su biyu. Rosendo ya raine shi, da Rosendo ya rasu na ci gaba. Sunansa Kanar, baƙi ne wuluk, kuma duk mai saniya a kwarin nan wurinsa yake kawo ta. Da shi nake ci, da shi nake sutura. Mahauta uku sun zo taya shi, duk na raka su bakin ƙofa ba su gama magana ba. Baldomero bai taɓa yanko masa ciyawa ko dami ɗaya ba, amma ko'ina ya zauna sai ya ce rabin Kanar nasa ne. In an tambaye shi wane rabi, sai ya ce na baya, inda cinyoyi suke. Na gaba mai ci kuwa ya bar mini.

Ɗakin wayar a gidana yake, ɗakin da ke fuskantar dandali. Shekara tara Don Serapio yana zaune a ciki, wani siririn tsoho mai ƙarancin magana, ni kuma ina kai masa gahawa da wainar masara kowace safiya. Ban san ɗigo da ja ɗin nan da suke buga saƙo da su ba, ko baƙaƙen takarda ma da ƙyar muke gaisawa, amma ina da ido da kunne. Na san waya ɗaya ce ta ratsa garuruwa tara, kuma duk abin da wani gari ya buga, ƙarfen karɓar saƙo na kowane gari sai ya ƙwanƙwasa shi. Shi ya sa ƙarfenmu ke surutu wuni guda Don Serapio yana gyangyaɗi abinsa. Ba ya motsi sai ya ji kiran garinmu, wanda a kunnena yake kamar alfadari ya taka uku da sauri sannan ya yi tuntuɓe. Na kuma san akwai wata 'yar sakata a gefen madannin da ake buga saƙo da shi. In zai buga saƙo sai ya ja ta, in ya gama sai ya mayar, kafin ma ya ɗauki kofinsa.

Ran wata Litinin haƙori ya kumbura wa Don Serapio kunci har ido ya rufe. Ya hau alfadari zai sauka birni wurin mai cire haƙori, ya ba ni makulli ya ce in kulle, kada kowa ya taɓa komai sai ya dawo. Ƙurar alfadarinsa ba ta kwanta ba Baldomero ya isa gaban magajin gari, Don Abundio, yana cewa abin kunya ne gari kamar namu ya kwana babu waya alhali ga shi a raye. Wai a lokacin yaƙi shi ne mai wayar janar, wai ya taɓa karɓar saƙo biyu lokaci guda, ɗaya da kowane kunne, harsashi na wucewa ta cikin hularsa. Rosendo ya gaya mini gaskiyar tun da daɗewa: dawakai yake tsarewa a bayan tantin masu waya, can ya tsinci wani kati mai baƙaƙen waya ya haddace. Abin haushin ke nan, ya iya kaɗan. Da bai iya komai ba da an huta.

Don Abundio ya aiko ɗan sanda ya ce in buɗe. Na buɗe. Baldomero ya shiga da littafin 'yan makaranta da fensir uku, ya zauna a kujerar tsohon, ya cire gwangwanin tabar da Don Serapio ke sawa a bayan ƙarfen don ƙara sauti, ya ce gwani ba ya bukatar wannan tarkacen. Bayan ɗan lokaci na ga ya mayar da shi a ɓoye.

Ga yadda yake aiki. Ƙarfe zai fara, shi kuma sai ya lalubi fensir, ya lashi bakinsa, ya gyara zama. Kafin ya shirya an wuce sunan gari da sunan mai saƙo. Sai ya kama tsakiya yana zuba ɗigo da ja a takarda, gumi na ɗiga a kai, sannan ya ɗauko katinsa ya yi rabin awa yana mayar da su baƙaƙe. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya na gaya masa ba duk abin da ƙarfen nan ke faɗa ne namu ba, ya saurari kiran garinmu tukuna.

"Matar Yaya," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba, "ke da ba ki bambance sunanki da sawun kaza, ke za ki koya mini waya? Abin da ya shigo ɗakin Santa Rufina na Santa Rufina ne. Je ki duba tukunyarki."

Na je na duba tukunyata.

Saƙon farko da ya kamo cewa ya yi: ta sauka lafiya, namiji ne, a zo da sauri. Ba suna. Baldomero ya zauna ya yi lissafin wanda matarsa ba ta gari, ya samu tela Don Fermin kaɗai. Matar telan, Doña Transito, ta haura hamsin, kuma sati uku da suka wuce ta tafi wurin ƙanwarta ciki a shafe kamar faranti. Don Fermin ya karanta, ya zauna a kan allura bai ji ba, ya tashi ya ari doki ya fita da almakashi a aljihu.

Na biyu cewa ya yi kawu ya rasu, a zo jana'iza. Wannan karon ya rasa wanda zai ɗora wa, sai ya fito dandali ya karanta da ƙarfi, ya ce mai kawu ya san kansa. Gida huɗu suka sa baƙaƙen kaya suka bi hanya huɗu suna kuka.

Talata da safe ya kamo cewa a kama ɓarawon alfadari, mai gashin baki, yana yafe da bargo ruwan ƙasa. Wannan siffar rabin mazan garinmu ce, har da shi Baldomeron. Ɗan sanda ya duba ya ga wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne Casimiro mai kaɗa ƙararrawar coci, don gurgu ne. Aka kulle shi. Ranar ba wanda ya san lokaci, Fada, limamin cocin, ya yi addu'ar yamma shi da tsofaffi biyu, sai da ya je da kansa ya fito da mutuminsa.

Mutane kuwa sai cewa suke waya ta farfaɗo. Wai a zamanin Don Serapio saƙo uku ake samu a mako, yanzu ga shi kamar ruwan sama. Baldomero ya fara tafiya hannu a baya, yana amsa gaisuwa da gira.

Laraba da hantsi ina shara a tsakar gida, ƙarfe na ta surutunsa, sai na ji kujera ta faɗi. Na leƙa na gan shi a tsaye, ya kamo cewa mai girma gwamna zai iso ran Asabar, a shirya tarba. Ƙarfen bai ma gama magana ba ya ja sakatar, ya hau dukan madanni yana buga amsa, wai Santa Rufina na maraba, wai Baldomero Rueda ne ke magana. Ya yi ta bugu kamar mai fasa kwakwa. Da ya gama ya ɗauki hula zai fita. Na nuna masa sakatar na ce Don Serapio yana mayar da ita. Ya ce wannan camfin tsofaffi ne, ƙarfe ma yana son ya sha iska. Ya kulle ɗakin, ya zura makullina a aljihunsa.

Tun daga lokacin ƙarfen bai sake ko tari ba. Baldomero ya bayyana wa jama'a cewa sauran garuruwan ne suka ji irin hannun da ya buga amsar, kunya ta hana kowa sake taɓa madanni.

Kafin azahar ya riga ya yi wa Don Abundio alkawarin Kanar, a gasa wa gwamna. Lissafinsa shi ne gwamna zai ci nama, ya tambaya wane ne mai wannan karamci, ya ba shi kujerar waya har mutuwa, a sallami tsohon. Suka zo mini su uku, shi da magajin gari da Fada. Na ce ba a taɓa mini bijimi. Don Abundio ya yi ta zagaye-zagaye, a ƙarshe ya fito fili ya ce mutum yana da ikon bayar da rabinsa, in kuma na ƙi, alƙali zai sa a raba. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin rabin bijimi yana kiwo. Ya ce za a ba ni karsana. Na ce ya kai karsanar wurin masu shanun kwari ya ga ko ita za ta yi musu aikin. Ya ce biyu. Na ce ko goma. Na ga dai sun ƙudura, to sai na juya ga mai gayya.

"Baldomero, ka tabbata mu aka buga wa wannan saƙon?"

"Kamar yadda na tabbata da sunana."

"To mu yi haka. Wuƙa ba ta taɓa Kanar sai na ga ƙafar gwamna a dandalin nan da idona. In ya zo, ku yanka, ba na son ko kofato. In ƙararrawar ƙarfe biyu ta Asabar ta buga bai zo ba, rabinka ya zama nawa, daga ƙugu har jelar wutsiya. Fada ya rubuta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa Don Abundio ka ga mace ta sayar da bijimi a kan iska. Fada ya rubuta, Baldomero ya sa hannu, ni ma na zana sunana, na ɗauki lokacina.

Ba zan ɓoye ba, Alhamis ban iya cin abinci ba. Ban ji kiran garinmu ran Laraba ba, wannan gaskiya ne. Amma ina tsakar gida, kaji na kuka, maƙwabciyata na daka. In alfadarin nan ya taka ukunsa ya yi tuntuɓensa lokacin da nake korar kaza fa? Na je na tsaya wurin Kanar ina kallonsa yana tuƙa, bai san ana wasa masa wuƙa ba.

Jumma'a Don Fermin ya dawo kunne ɗaya a kumbure, almakashinsa kuma an ƙwace. Doña Transito ta karanta takardar a gaban ƙanwarta da maƙwabta, sannan ta amsa masa da muciya. Masu kawu ma suka fara dawowa. Gida ɗaya sun tarar da nasu yana dasa rogo, ya gan su cikin baƙaƙen kaya ya ce wato har sun ƙosa, ya sakar musu karnuka. Suka taru a ƙofar ɗakin waya. Baldomero ya fito ya gaya musu waya ba ta ƙarya, sai dai wani lokaci saboda tsananin gudunta takan riga abin faruwa, su ƙara haƙuri. Don Fermin ya tambaya ko nufinsa matar tasa za ta haihu nan gaba. Ya ce shi dai abin da ƙarfe ya faɗa ya rubuta. Don Abundio kuwa ya riga ya sa an shafe ofishinsa da farar ƙasa, an ɗinka masa sabuwar riga, ba ya son jin komai. Ya kore su ya ce a bari sai bayan gwamna.

Asabar gari ya tashi da wuri. An kafa ƙofar ganyen ayaba a bakin dandali, an jera tukwanen farfesu da tulunan giyar rake, 'yan badujala sun zo da waƙa ɗayar da suka iya. An haƙa ramin gashi, wuta ta kama. Aka ɗaure Kanar a gindin bishiya da jan ƙyalle a ƙaho, mahauci na zaune kusa yana goga wuƙa a dutse yana auna cinyoyin da ido. Na ɗauko kujerata na zauna tsakaninsa da bijimin. Baldomero yana sama yana ƙasa cikin kwat ɗin aro, hannun kwat ɗin ya rufe masa yatsu, jawabi shafi huɗu a aljihu.

Goma ta buga. Sha ɗaya. Farfesu ya fara ƙafewa. Mahauci ya ce ko a fara, kada nama ya makara. Na ce ya matso in nuna masa inda za a fara. Ya koma ya zauna.

Ɗaya ta wuce sai wani ya hango mahayi a kan tudu. Nan take aka saki wasan wuta, badujala ta ɓarke, mata suka gyara mayafi. Na kama igiyar Kanar. Mahayin ya sauko a hankali, alfadarinsa na ɗingishi. Da ya shigo ƙarƙashin ganyen ayaba muka ga laka tun daga hula har takalmi, waya a naɗe a kafaɗa, ƙarafan hawa turken waya a ƙugu, ido ɗaya a rufe da harbin rina. Baldomero ya ɗauka ɗan aiken gwamna ne, ya zare jawabi ya fara: mai girma, hasken lardi. Har ya kai shafi na biyu.

Mutumin ya jira ya ja numfashi, sannan ya ce sunansa Telesforo, mai gyaran waya ne. Ya ce tun Laraba wayar gari tara ta mutu, kwana uku yana hawa turke ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa yana neman inda ta tsinke, bai samu ko ƙwarzane ba. Saura ɗaki ɗaya bai duba ba. Ya tambaya wa ke riƙe da shi.

Duk dandali ya nuna Baldomero.

Aka buɗe. Telesforo ya shiga, jama'a suka cika ƙofa da taga, ni ina gaba don gidana ne. Ya dubi tebur, ya daɗe yana duba. Sai ya miƙa yatsa ɗaya, ƙaramin ma, ya tura sakatar. Ƙarfen ya zabura kamar an taka wutsiyar kare, gwangwanin taba na rawa. Telesforo ya tsaya yana saurare, yana fassara mana ba tare da ya taɓa fensir ba. Ya ce garuruwa takwas ne ke rige-rigen zagi, zai tsallake waɗanda ba a faɗa gaban Fada. Ya ce ma'aikaciyar wayar garin Aguafria na tambaya hannun wa ta ji ran Laraba, don ba na Don Serapio ba ne, wannan kamar bugaggen jaki ne a kan gadar katako. Ya ce saƙon gwamna na Aguafria ne, ba su kama ranar ba, kafin su nemi a maimaita aka yanke shi a tsakiya. Gwamna ya isa can yau da hantsi ya tarar da dandali babu kowa sai kare, magajin garinsu kuma yana wanke doki ba riga. Yanzu yana zaune a ɗakin wayar can, bai ci komai ba, yana son sunan wanda ya yi wannan aiki.

Telesforo ya ja sakatar, ya ɗora yatsa a madanni, ya waiwayo. Bai ma tambaya ba. Don Fermin ne ya fara faɗin sunan, masu kawu suka karɓa, har da sunan uba da na uwa, a hankali don kada a rasa baƙi ɗaya. Ya buga, ya mayar da sakatar.

Baldomero ya ce laifin Don Serapio ne da bai nuna masa wannan abin ba, wai a wayar janar babu irinta. Na ce ni da ban bambance sunana da sawun kaza ba na nuna masa, ya ce ƙarfe na shan iska. Don Abundio ya miƙa hannu, ya karɓi makullin ya ba ni. Tela ya ce kwat ɗin nan daga shagonsa aka aro shi, a cire nan take, aka cire.

Muna cikin haka ƙararrawa ta buga biyu. Casimiro ne a sama, kuma tunda nake ban taɓa jin ya buga ta da ƙarfi haka ba. Ya buga biyun, ya dakata, ya sake buga wasu biyun don wanda bai ji ba.

Na fita na kwance Kanar, na cire jan ƙyallen na miƙa wa mahauci ya goge wuƙarsa. Na ja shi ta tsakiyar dandali, ta gaban ramin gashin, 'yan badujala suka buɗe mana hanya. Baldomero ya biyo ni cikin 'yar shara, murya ta yi laushi.

"Matar Yaya, don darajar marigayi. Gadon ubana ne fa. Ko ɗan wani abu ki bar mini."

Na tsaya na yi tunani, don ba na son a ce na zalunci ɗan'uwan mijina.

"Shekara nawa kana cewa rabin baya naka ne," na ce masa. "To abin da rabin bayan ke zubarwa kowace safiya na bar maka duka, ba na son ko kaɗan. Ka riƙa zuwa da wuri kafin ƙuda su riga ka."

Shebur ɗin na nan a jingine bakin garke, na ma sa an gyara masa ƙota. Har yau bai zo ɗauka ba.